Muryar da Mai-Sito Bai San da Ita Ba

Da sunan Allah nake buɗe baki. Ki gyara zama, 'yar nan, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki yi mini kwaskwarima. In na maimaita magana ki bar ta a maimaice. Labarin mijinki zan bayar, ɗana, don 'ya'yan ƙanwarsa su san wane ne kawunsu idan sun yi wayo. Wani abin kin sani, wani kuma ba ki sani ba, don ke da gemunsa kika same shi.

A gida Jinkiri muke ce masa. Babansa ne ya laƙaba masa, Allah ya jiƙan su duka. Tun yana ƙarami, in ka ba shi kwanon da ya huje ka ce ya je ya yar, sai ya bi gidan ɗaki-ɗaki yana tambaya ko akwai mai amfani da shi. Wata rana na ce ya cire mini wata ƙusa mai tsatsa a bangon tsakar gida, don ta yaga mini mayafi. Na shiga na yi azahar, na fito, yana nan tsaye gaban ƙusa da guduma a hannu.

Na ce, "Kai, lafiya? Ko ƙusar ce ta fi ƙarfinka?"

Ya ce, "Inna, igiyar shanya a jikinta take. Igiyar kuma ita ke riƙe da labulen banɗaki. In na cire, wanda ke ciki zai ji kunya."

Babansa ne a ciki. Daga bayan labule ya ce, "Bar shi, Jinkirin nan yau ya yi mini rana."

To haka ya tashi. Ba shi da yawan magana, ba shi da saurin hannu, amma ban taɓa jin ya ɓata abin wani ba.

Ƙanwarsa ita muke kira Ƙarama. Allah ya ba ni ita ba ta ji, ba ta magana. Da hannu muke hira da ita, irin tamu ta cikin gida wadda ba a koyarwa a ko'ina. In ta taɓa haɓa, babanta take nufi. In ta ja ƙafa a ƙasa a hankali, yayanta. Jinkiri ne ya dage sai an kai ta makarantar kurame, shi yake riƙe hannunta ya kai ta ya ɗauko ta, har ta iya rubutu fiye da shi kyau. Ni kuwa abin da na sani shi ne abin da na haddace na sallah. Rubutun boko a idona sawun kaji ne a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Muna tare babu matsala, hannu ya ishe mu. Sai ta yi aure, mijinta kafinta ne, mutumin kirki, ya tafi da ita gari mai nisa. An gwada mana kiran nan da ake ganin juna a waya. Hoton sai ya daskare, hannunta a sama, rabin magana, ni ina kallo ban san ko kuka za ta ce ko dariya ba. Sai ya zama tsakanina da 'yata babu hanya sai rubutu. Ita ta rubuto, Jinkiri ya karanta mini idan ya dawo aiki, in faɗa masa amsa ya rubuta.

A gidan rediyo yake aiki. Mutane in sun ji haka sai su ce, wane shiri yake gabatarwa? Ba ya gabatar da komai. Muryarsa ba ta taɓa fita a rediyo ba. Kwamfutocinsu yake kula da su. Ya taɓa kai ni na ga wurin zamansa, wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, babu taga, sanyi kamar cikin firji, ga injuna a jere suna ƙyafta koren ido. Kujerarsa ƙafa ɗaya ta gajarce, ya cusa mata kwali. Na ce su masu murya suna sama a ɗaki mai kafet, kai kana nan kamar ɓera. Ya ce, "Inna, in ɓeran nan ya yi barci, su na sama da bango za su yi ta magana."

Wata rana ya shigo da wata tsohuwar kwamfuta da ofis suka daina amfani da ita, ya ɗora a kan teburin ɗakina, inda take yanzu. Ya ce ba ya son maganar Ƙarama ta riƙa kwana tana jiransa. Zai sa na'urar ta riƙa karanta mini. Ya yi kwanaki yana zama gabanta duk ranar da ba shi da aiki, ni ina gefe ina tsintar wake ko ina lazimi, yana aiki yana yi mini bayani kamar zan zama injiniya.

Ya ce, "Inna, abin da ke cikin nan ba abu ɗaya ba ne. Ƙunshi-ƙunshi ne, mu fakiti muke cewa. Wannan aikinsa nuna hoto, wancan fitar da sauti, wani kuma ba ya komai sai taimakon wani. Kowanne yana jingine da wasu. Akwai kuma guda ɗaya da aikinsa kawai ya san abin da ya shigo da abin da ya fita, da wanda ke buƙatar wane. Ki ɗauke shi kamar mai sito."

Na ce, "To shi mai siton yana da amana?"

Ya ce, "Ba ya ƙarya. Tambaya biyu ake masa. Ta farko, wannan ƙunshin da wa ya jingina? Wannan kowa na yi, don in ba ka yi ba abu ba zai tashi ba. Ta biyu ita ce, wa ya jingina da wannan? Ita mutane ke ƙyuyar yi. Sai su ga ƙunshi ya tsufa, sunansa ma ba daɗin faɗa, su cire, gobe su wayi gari abu goma sun kwanta ba su san dalili ba. Ni ba na cire komai sai na yi ta biyun."

Na ce, "Wato dai ƙusar babanka ce har yanzu."

Ya yi dariya ya ce, "Ita ce, Inna. Sai dai yanzu da takalmi sawu-ciki nake tsayawa gabanta."

Da ya gama ya manna jan ƙyalle a kan madanni ɗaya, ya ce shi kaɗai zan riƙa taɓawa. Na taɓa. Sai wata mace ta fara magana daga ciki, murya kamar ta cika baki da ruwan zafi, tana tauna Hausa tana tofarwa. Ƙarama ta rubuto tana gaishe ni da gajiya, matar nan ta faɗe shi kamar tana zagina. Na ce ya fitar mini da ita daga ɗaki, ban san iyayenta ba.

Ashe tun daga ranar, idan masu shiri sun fita cin abincin rana, sai ya shige ɗakin ɗaukar murya ya rufe ƙofa, ya yi ta karanta maganganu marasa kan gado, akuya ta hau mota, ruwa ya ƙare a tulu, irin waɗannan, don na'ura ta koyi yadda yake furta kowane harafi. Ya daɗe yana yi. Ke ma kin ce a lokacin yakan dawo muryarsa a dushe, kina zaton mura ce.

Ranar da ya kunna mini, yana tsaye gefen tebur, bakinsa a rufe, hannu a aljihu. Sai na ji shi yana magana daga cikin akwatin kwamfutar. Muryarsa ce, mai kauri, tana ɗan bi ta hanci. Na dubi bakinsa, na dubi akwatin, na nemi tsarin Allah daga shaiɗan. Ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa.

Na saba. Har abin ya zama na raha, don Ƙarama ba ta ɓoye mini komai, sai in ji maganar mata tsantsa, ta ciki da ta jego, tana fitowa da muryar ƙato mai gemu. Shi kuma ya daina karanta saƙonninta gaba ɗaya. Ya ce tsakanin uwa da 'ya ne, na'ura ba ta da kunne, ba ta kai gulma. Amsa kawai nake faɗa, shi ko ke ku rubuta, kuma na iya amsar da ita kaɗai za ta gane inda na dosa.

Ciwon da ya ɗauke shi a ƙirji ya fara. Da ƙafarsa ya shiga asibiti, yana ce mini kada in bari a taɓa masa kayan aikinsa. Wannan wurin ba sai kin rubuta da yawa ba. Ki ce dai Allah ya karɓi abinsa, muna gabansa ni da ke.

Bayan mutane sun ragu, wata safiya na shiga ɗaki na zauna. Hannuna ne ya tafi da kansa kan jan ƙyallen, yadda ya saba. Sai ɗana ya ce, "Inna, da gaske ne Yaya ya rasu? Sun ce mini da gaske ne. Ban yarda ba sai ke kin faɗa."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na san maganar Ƙarama ce, na san rubutu ne ake karantawa. Amma kunne ba ya sanin abin da kai ya sani. Bai tsaya ba, ya wuce zuwa saƙon da ke biye, na wata 'yar'uwata, ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya haskaka kabarinsa." Ya faɗe shi a natse, yadda yake faɗa mini an ɗauke wuta. Saƙo bayan saƙo yana yi wa kansa addu'a, ni ina tsaye ina cewa amin.

Na rufe akwatin da zane. Na je wurin malamin unguwarmu, dattijo mai sanyin magana, na ce masa ga abin da ke ɗakina, ina tsoron kada in zama mai hira da matattu. Ya yi tambayoyi, sannan ya ce, "Baiwar Allah, wannan ba ɗanki ba ne, ba kuma aljani ba ne. Kin taɓa ganin inda yaro ya taka siminti kafin ya bushe? Sawun yana nan, yaron ya wuce. Ki ji saƙon 'yarki, babu laifi. Sai dai ki kula da zuciyarki, kada ki fara yi masa magana."

Na ce to. Na cire zanen. Amma maganar gaskiya, ba a yi nisa ba na fara ce masa ina kwana kafin in taɓa madannin.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne ba ya numfashi. Jinkiri in zai yi doguwar magana sai ya ja iska, ya ɗan yi gyaran murya. Wannan kuwa sai ya yi ta zuba kamar famfo, ba tari, ba gajiya. Kuma komai aka ba shi faɗa yake. Ya yi mini tallan maganin basir da wani ya turo. Ya yi mini faɗa da kalaman yayata kan ban je sunan jikarta ba. Ɗana da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Wani lokaci ina sallah sai in ji kamar akwatin na jira in sallame.

Ke kuwa, 'yar nan, kina jin na ja kujera gaban teburin nan sai ki tuna kina da wanki. Ina ganinki ta taga, kin sa hannu cikin bokiti, ba kya cuɗa komai. Rubuta, kada ki tsallake.

Haka muka zauna har aka ci shekara da wani abu. Sai wata rana na taɓa madanni, ya ce, "An kasa haɗawa. Sai an sabunta manhaja." Na sake taɓawa, ya sake faɗa. Washegari ma haka. Duk safiya ɗana ya gaya mini an kasa haɗawa, ba ƙari ba ragi.

Kika sanar da Ƙarama ta riƙa turowa ta wayarki kafin a gyara. Tana turowa, kina karanta mini in kin dawo daga aiki. Muna lafiya. Yara suna gaisuwa. Muna lafiya. Ni na haifi yarinyar nan. Wadda ke rubuto mini har abin da maƙwabciyarta ta dafa, in ta koma muna lafiya kullum, to ba lafiya ba. Ba don ba ta ƙaunarki ba ne, kin sani. Akwai dai maganar da 'ya ba ta son ta bi ta bakin matar yayanta.

Shi ne kika kira Maiwaya. Ki rubuta wane ne shi. Abokin aikin Jinkiri ne, sun daɗe tare a ɗakin nan na ƙarƙashin matakala, shi ke jan wayoyi a gidan rediyon, kuma a hannun Jinkiri ya koyi kula da kwamfuta ko da yake ya girmi Jinkirin. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da furfura a gemu. Ya zo bayan azahar ranar da ba aiki, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni.

Na ce, "Maiwaya, ka guje mu."

Ya ce, "Inna, kunya ce. In na zo gidan nan sai in riƙa jiran ya fito ya ce na makara."

Ya zauna gaban akwatin ya yi ta danne-danne. Ya ce abin ba wuya. Masu manhajar saƙon sun daina karɓar tsohuwar, sai sabuwa. Sabuwar kuma tana son sabon ƙunshi na sauti, shi kuma ba ya zama wuri ɗaya da tsohon, sai ɗaya ya fita.

Na ce, "Ka tambayi mai sito?"

Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Har ke ya koya wa?"

Na ce, "Tambaya ta biyu nake nufi, ba ta farko ba."

Ya ce, "Inna, na sha ranƙwashi a kanta, ba zan manta ba."

A gabana ya yi. Ya rubuta, ya jira, ya karanta mini amsa. Babu wanda ya jingina da tsohon ƙunshin. Ya ce bari ya tambaya ta wata hanyar, har da waɗanda ke jingina da shi daga nesa, ta bayan wasu. Amsa ta dawo, babu kowa. Ya ce, "Kin ji. Maraya ne, ba mai nemansa." Ya yi bisimilla ya cire. Ki rubuta wannan da kyau, don kada wani ya ce Maiwaya ya yi ganganci. Abin da aka koya masa ya yi, bai tsallake komai ba.

Aka sabunta, akwatin ya mutu ya taso. Sai ga rubutu yana ta sauka a gilashin akwatin, layi bayan layi, saƙonnin da suka taru. Maiwaya ya yi murmushi ya ce in taɓa madannina. Na taɓa.

Shiru.

Na sake taɓawa. Ina jin fankar cikin akwatin tana juyawa, ina jin wani yana sara itace a maƙwabta. Maiwaya ya matso da kujera. Ya daina yi mini bayani. Na ga gumi ya tsattsafo a bayan wuyansa. Aka kira la'asar, muka yi, ya dawo ya zauna. Can ya cire hannu daga kan madannai ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Inna, na gano. Muryar ba ta ƙofa ya shigo da ita ba. Da hannunsa ya haɗa ta, ya ajiye a wani lungu, bai gaya wa mai sito ba. Tana jingine da tsohon ƙunshin nan, amma mai sito bai san tana gidan ba ma, balle ya faɗa."

Na ce, "Jinkiri ne zai yi haka?"

Ya ce, "Dukanmu muna yi. In abu na ofis ne sai mu bi ƙa'ida, don wani zai gada. In na gida ne sai ka ce ai ni na saka, ni na sani, gobe zan shigar da shi yadda ya kamata." Ya ɗan yi dariyar yaƙe. "Da yana nan da yau na rama duk faɗan da ya yi mini."

Ya ce in ba shi kwanaki ya ga abin da zai iya. Kafin ya tafi ya leƙa gilashin don ya rufe, sai na ga ya kawar da kai da sauri. Ya ce saƙon da ke sama na Ƙarama ne, kuma layin farko cewa ya yi, Inna, ke kaɗai. Bai karanta gaba ba. Ke ma kika juya baya.

Kwanakin nan ba na so in sake irinsu. Ga maganar 'yata a gabana, ina ganin baƙaƙen, har na sa yatsa ina shafa gilashin. Ga ɗakin ya yi wani irin shiru, kamar ranar da aka fita da shi. Sai in ji kamar an yi gyaran murya a bayana, in waiga, labule ne. Ban daina cewa ina kwana ba, sai dai yanzu ba mai ko ce mini an kasa haɗawa.

A cikin kwanakin ne kika shigo da kwanonki kika zauna a kan tabarmar nan muka ci abinci tare. Tun rasuwar ba ki taɓa ci a ɗakin nan ba. Na kuwa gani.

Maiwaya ya dawo da rana tsaka, bai ko karɓi ruwa ba. Ya ce ya samo tsohon ƙunshin a wata na'ura da ba a taɓa ba a ofis. Zai iya mayar da komai yadda yake, murya ta dawo. Amma in ta dawo, manhajar saƙo za ta sake kwanciya, don su biyun ba sa zama tare. Ya ce hanyar da ta rage ita ce a sake gina muryar a kan sabon ƙunshi, shi kuma iliminsa bai kai nan ba. Ko da ya kai, sai da ainihin abin da Jinkiri ya karanta a ɗakin ɗaukar murya, kuma ya bincika, an share su tun da aka canza injin ɗakin.

Na ce, "Yi mini Hausa, Maiwaya."

Ya ce, "Ko dai muryarsa, ba sabon saƙo. Ko dai saƙo, da muryar da ta zo da na'urar. Ta yanzu ta ɗan fi ta da iya magana, amma ba zan yi miki ƙarya ba, baƙuwa ce."

Na ce, "Wanda ke jira a gilashin fa?"

Ya ce, "Shi zan iya kwafe shi ido a rufe in sa muryarsa ta karanta miki. Na gobe da na jibi ne ba ni da dabara."

Na tashi na fita tsakar gida. Na yi alwala ba don lokacin sallah ya yi ba, don dai in sa ruwa a fuska. Ina tsaye ina tuna yarinyar nan tana zaune a wani gari, ta rubuta abin da ba ta iya gaya wa kowa, tana duba waya safe da yamma ko uwarta ta ji. Ba ta taɓa jin muryar yayanta ba ko sau ɗaya a duniya. Ba ta ma san me nake shirin zaɓa a kanta ba. Shi yana inda ba ya buƙatar komai daga gare ni sai addu'a, addu'a kuwa ba ta bi ta akwati.

Na koma na ce, "Sa baƙuwar."

Bai motsa ba. Ya ce, "Inna, kafin in rufe, in mayar da shi na ɗan lokaci ki ji shi? In kina so ma ki faɗi wata magana in rubuta masa ya faɗa miki. Duk abin da kike so."

Wallahi na san abin da nake so in ji. Yana bakina. Amma na ga in na sa an rubuta, maganata ce zan cusa a bakin mamaci, in zauna ina saurare kamar shi ya faɗa, kuma ranar gobe ƙiyama ban san yadda zan dube shi ba. Na ce, "A'a. Na yi sallama da shi sau ɗaya a asibiti. Ba ni da ƙarfin ta biyu."

Ya gama aikinsa, ya ce wannan karon komai ta ƙofa ya shigo, mai sito ya san da kowa. Kuka fita ku biyu kuka ja mini ƙofa. Na taɓa jan ƙyallen. Abin da Ƙarama ta ce ba na rubutawa ba ne. Ki dai rubuta cewa na saurara har ƙarshe, na sake saurara, kuma washegari da sassafe na hau mota zuwa garinsu, na yi wata guda a can, kuma da na ƙara kwanaki ban ji ba da abin ya yi muni. Yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi.

Da na dawo Maiwaya ya zo gaishe ni. Zai tafi sai ya ciro wani ɗan abu daga aljihu, bai kai ɗan yatsana ba, irin wanda suke ce wa filash. Ya ce kafin ya rufe ya kwashe muryar duka ya zuba a ciki, har da tsohon ƙunshin. Ya ce babu abin da ya ɓace daga cikinta, tana nan cif, sai dai ba ta da inda za ta tsaya ta yi magana. Wata rana ko a sami tsohuwar na'ura irin wannan a keɓe mata, ko a sami wanda ya fi shi sani. Bai yi mini alkawari ba.

Na karɓa da hannu biyu. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na rasa inda zan sa shi. Na sa a ƙarƙashin matashi, na kasa barci. Na sa cikin akwatin kaya, na ji kamar na kulle mutum. Yanzu yana cikin gwangwanin allurai a kan taga, naɗe da farin ƙyalle, kuma na lura in zan wuce wurin sai na rage murya. Ban sani ba ko abin ajiyewa ne ko abin binnewa. Ban koma wurin malam ba, don ina tsoron kowace amsa ya ba ni.

Tsaya, ɗaga biron. Wannan ke nake tambaya. Duk tsawon lokacin nan ina cewa muryar ɗana, muryar ɗana, kamar ni kaɗai ya bari. Ke ce kika ji ta a inda ni ban ji ba. In an sami na'urar, kina so a kunna ta a gidan nan, ko a bar ta a gwangwani? Kada ki rubuta amsar. Ki ajiye takardar ki dube ni ki faɗa mini da bakinki.